BANARAS, BIRNIN ZIYARA NA ƘASAR INDIYA

A arewacin ƙasar Indiya, cikin jihar da a ke kira Uttar Paradesh, akwai wani tsohon birni a bakin kogin Ganga wanda mabiya addinin Hindu su ke girmamawa fiye da kowane gari a duniya. Turawan mulki sun daɗe suna kiransa Banaras, amma tun 1956 sunansa na hukuma shi ne Baranasi, don yana zaune ne tsakanin waɗansu ƙoramu biyu, Baruna daga arewa, Assi daga kudu. Masu ibada kuwa, su Kashi su ke ce masa. Kada mai karatu ya yi murmushi, a harshensu ma'anar kalmar nan haske ce, watau Birnin Haske ke nan. Haka kuma Ganga a wurinsu ba abin kiɗa ba ne, sunan kogin ne, suna kuwa kiransa uwa.

Daga Delhi, babban birnin ƙasar, zuwa Banaras kusan mil 500 ne. Tun 2019 akwai jirgin ƙasa mai sauri wanda ke cin tafiyar nan cikin awa 8. Wanda ya sauka a tasha ba zai ga abin da ya bambanta garin da sauran garuruwan Indiya ba, sai hayaniya da ƙura da kekuna masu ƙafa uku. Sai ya bar manyan tituna, ya kutsa cikin lungunan tsohon gari, waɗanda wani wuri mutum biyu ba su iya jerawa, ga shanu kwance a hanya ba mai korarsu, ga birai bisa soraye, ga masu sayar da furanni da turare da wani ganye da su ke taunawa kamar yadda mu ke cin goro. Yana cikin tafiya haka, kwaram sai lungu ya ƙare, ya ga kogi shimfiɗe a gabansa.

BAKIN KOGI DA ASUBA

Ganga daga duwatsun Himalaya ya taso, yana gangarawa kudu maso gabas zuwa teku. Amma da ya iso Banaras sai ya yi gwiwa, ya juya arewa, kamar mai waiwayen inda ya fito. Garin yana gaɓar yamma, bisa tudu, saboda haka mai wanka da asuba fuskarsa na kallon fitowar rana. An gina matakalai na dutse tun daga kan tudu har cikin ruwa, su ne a ke kira gat. Akwai wajen 84, suna jere kamar mil 4, kowace da sunanta da labarinta. Yawancinsu sarakunan Marata da waɗansu sarakunan Indiya ne suka gina su cikin ƙarni na 18, kowa da gidansa a bisa, don in ya zo ziyara ya sami masauki, in ajali ya matso kuma ya zo ya jira shi nan. Ɗaya gaɓar kuwa fayau ta ke, sai yashi. Mutanen garin suna da wata magana ta dā, wai wanda ya mutu a can ƙetare jaki zai koma.

Mun ɗauki kwalekwale tun gari bai waye ba, gama ta haka ne kaɗai a ke ganin matakalan nan gaba ɗaya. Abin da muka gani ya fi ƙarfin a ƙidaya. Ga tsofaffi tsaye cikin ruwa iya ƙirji, suna ɗiban ruwa da tafin hannu suna zubawa wajen rana. Ga mata sun shiga da zannuwansu, suna nutso sau uku suna riƙe da hannun juna. Ga samari 'yan kokawa suna motsa jiki, ga masu wanki suna dukan tufa a kan dutse, ga waɗansu masu gudun duniya sun shafe jikinsu da toka, gashinsu ya yi tukku har gadon baya. Kowa ya gama wanka sai ya cika tulun tagulla ko gorar roba, ya tafi da ruwan gida, don a ba marar lafiya, ko a ɗiga a bakin wanda ke gargarar mutuwa.

Ƙarƙashin waɗansu manyan laimomi na kaba akwai malaman addininsu zaune, waɗanda a ke kira panda. Aikinsu ya yi kama da na mutawwifi wanda alhazanmu suka sani, watau su karɓi baƙo, su nuna masa inda zai je da abin da zai faɗa, ya biya su lada. Abin da zai ba akawunanmu sha'awa shi ne waɗansu daga cikinsu suna riƙe da littattafan da suka gada, inda a ke rubuta sunan mai ziyara da garinsu da zuriyarsa. Mutum ya kan zo daga nesa, a buɗe masa littafi, ya ga sunan kakan kakansa da shekarar da ya zo. Ba gwamnati ce ta sa su ba, kuma ba mai ba su albashi. Amma fa kada mu ɓoye, a bakin kogin nan akwai masu cin baƙo, waɗanda ke kama hannun mutum su ɗiga masa jan gari a goshi, sa'an nan su tsaya kai da fata sai ya biya.

Da magariba kuma jama'a ta kan taru a gat ɗin da a ke kira Dashashwamed, inda samari masu ibada ke tsayawa jere, kowa da fitila mai hawa-hawa, suna juya ta gaban kogi, ana kaɗa ƙararrawa ana busa ƙaho na kwanson teku. Baƙi da yawa suna zaton al'adar nan a yadda ta ke ta shekara dubbai. A'a, cikin shekarun 1990 aka tsara ta haka, kuma rabin masu kallo 'yan yawon buɗe ido ne da ke cikin kwalekwale suna ɗaukar hoto.

ƊAKIN IBADA DA MASALLACI

Ɗakunan ibada a Banaras ba su lissafuwa, wani bai fi akwati girma ba, an manna shi jikin bango. Amma wanda kowa ke nufa shi ne na Bishwanat, inda a ke bauta wa Shiba, wanda su ke cewa shi ne ubangijin birnin. Yana cikin wurare 12 na Shiba da suka fi daraja a ƙasar duka. Abin da ke ciki wani baƙin dutse ne mai santsi, a ƙasa cikin wani gurbi, masu ziyara suna zuba masa madara da ruwan Ganga da ganye. Mutum ya kan yi awa da awanni a layi, ba takalmi, ya sami ƙiftawar ido gaban dutsen, ɗan sanda ya tura shi gaba. Baƙo daga wata ƙasa sai ya nuna fasfo, ya bar waya da jaka a ma'aji.

Labarin ginin nan shi ne tushen rigimar da ke gaban shari'a. Cikin 1669 Sarki Aurangzeb, na gidan sarautar Mogul, ya ba da umurni aka rushe ɗakin ibadar da ke wurin, aka gina masallaci a kan harsashinsa. Shi ne masallacin Gyanbapi, sunan wata rijiya ce da ke wurin, ma'anarsa Rijiyar Ilmi. Wanda ya zaga bayan masallacin zai ga sauran bangon tsohon ginin da sassaƙe-sassaƙensa. Bayan shekara ɗari da 'yan kai, wajen 1780, wata sarauniya mai suna Ahilyabai Holkar, ta Indor, ta gina sabon ɗakin ibada daura da masallacin. Cikin 1835 kuma Ranjit Singh, sarkin Panjab, wanda shi addinin Sikh ya ke bi, ya aiko da zinariya aka lulluɓe ƙubbobinsa. Tun daga nan gine-ginen biyu su ke kafaɗa da kafaɗa, mai kiran salla na jin ƙararrawa, mai ƙararrawa na jin kiran salla.

Cikin 1991 majalisar dokokin Indiya ta kafa doka, cewa kowane wurin ibada ya zauna a kan addinin da ya ke ran 15 ga Agusta, 1947, ranar samun mulkin kai. Masallacin Babri na garin Ayodiya kaɗai aka ware, don shari'arsa na gaban kotu. Ran 6 ga Disamba, 1992, taron jama'a ya rushe masallacin nan na Ayodiya, aka yi tarzoma a garuruwa da yawa, rayuka suka salwanta. Cikin 2019 Kotun Ƙoli ta ba Hindu filin, aka buɗe sabon ɗakin ibadar Rama a wurin cikin Janairu, 2024. Wannan shi ya sa duk abin da ya taɓa Gyanbapi ya ke tayar da hankalin Musulmin ƙasar, gama in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Abin kuwa ya taɓa shi. Cikin Mayu, 2022, wata kotu a Banaras ta aika a duba masallacin, aka ga wani dutse a tsakiyar kududdufin alwala. Masu ƙara suka ce dutsen Shiba ne, masu masallaci suka ce bututun feshin ruwa ne na dā. Aka rufe kududdufin. Hukumar binciken kayan tarihi ta ƙasar ta yi awo cikin 2023, ta ba da rahoto cewa akwai babban ɗakin ibadar Hindu a wurin kafin masallacin. Ran 31 ga Janairu, 2024, alƙalin gunduma ya yarda Hindu su riƙa ibada a wani ɗaki na ƙarƙashin masallacin, Musulmi kuwa na salla a sama. Cikin Disamba, 2024, Kotun Ƙoli ta hana ƙananan kotuna karɓar sababbin ƙararraki irin waɗannan, ko aika masu awo, sai ta gama duba dokar 1991.

A ganinmu waɗanda suka kafa dokar nan sun yi hangen nesa. Ba mai gardama cewa an yi rushe-rushe a zamanin dā, kuma masanan tarihi na kowane ɓangare sun yarda da abin da ya faru cikin 1669. Amma ƙasar da ta shekara dubbai ana gini bisa gini, in aka ce kowane harsashi sai an tona an mai da shi ga mai shi na farko, ba ranar gamawa, kuma waɗanda za su biya bashin ba su ne suka ci shi ba.

Ita ma unguwar ta sāke kama. Narendra Modi, wanda ya zama Firayim Minista cikin 2014, Banaras ce mazaɓarsa, an kuma sāke zaɓensa a can cikin 2019 da 2024. Cikin Maris, 2019, ya aza harsashin wani babban aiki na buɗe hanya daga ɗakin ibadar har bakin kogi. Gwamnati ta saye gidaje da kantuna fiye da 300 ta rushe, aka buɗe filin ran 13 ga Disamba, 2021. Da ana rushewa sai aka riƙa tarar da ƙananan ɗakunan ibada fiye da 40 waɗanda gidaje suka haɗiye tuntuni. Masu ziyara sun ji daɗi, don yanzu tsohuwa na iya fitowa daga wanka ta miƙe sosai zuwa wurin ibada ba tare da an matse ta a lungu ba, yawansu kuma ya ninka. Amma waɗansu 'yan garin suna kukan cewa an biya su kuɗin gida, ba a biya su kuɗin unguwa ba. Mu da muka taka filin, mun gan shi da tsabta da faɗi, ga jan dutse sumul, sai dai ya fi kama da harabar babban ofis, ba ya kama da lungunan da ke kewaye da shi.

MASAƘA

Bisa ƙidayar 2011, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na mutanen birnin Musulmi ne, yawancinsu kuwa masaƙa. Su ke saƙa zanen siliki mai zaren zinariya wanda a ke kira sari na Banaras, wanda kowace amarya a Indiya ke burin ɗaurawa. Mai saƙa Musulmi ne, mai fatauci sau da yawa Hindu ne, amaryar da za ta ɗaura ko wace ce. A unguwar Madanpura mun ji ƙarar masaƙa daga kusan kowace taga, ko da ya ke injin lantarki ya ƙwace wa masaƙar hannu kasuwa, zanen da a ke yi cikin makonni yanzu inji na fid da irinsa cikin yini.

Garin ya fid da mutane biyu da ya kamata malaman makaranta su sani. Na farko Kabir, masaƙi kuma mawaƙi na ƙarni na 15, wanda ya tashi a gidan Musulmi, ya kuma yi ta sukar malaman ɓangarorin biyu saboda riƙo da ɓawo a bar tsaba. An ce da ajalinsa ya matso sai ya bar Banaras da gangan, ya tafi wani gari mai suna Magahar ya mutu a can, don ya nuna cewa ba wuri ke ceton mutum ba. Na biyu Bismillah Khan, mai busa wata algaita da su ke kira shehnai. Musulmi ne mai riƙon salla, amma danginsa sun daɗe suna busa a ɗakunan ibadar garin, a bakin Ganga ya koyi sana'arsa. Shi ya yi busa a Delhi ranar bikin samun mulkin kai cikin 1947. Ya rasu a Banaras cikin 2006.

INDA A KE ƘONA GAWA

Yanzu mun zo kan abin da ya fi ba baƙo tsoro, ko da ya ke su a wurinsu shi ne babban rabo. Mabiya Hindu sun gaskata cewa rai ya kan yi ta dawowa duniya, haihuwa bayan haihuwa, gwargwadon aikinsa, amma wanda ya mutu a Kashi ya kuɓuta, ba zai sāke dawowa ba. Saboda haka tsofaffi ke zuwa su jira mutuwa. Akwai ma gida musamman inda a ke ba mai jinya ɗaki na mako biyu, in bai mutu ba a roƙe shi ya ba wani wuri.

A gat biyu a ke ƙona gawa, Manikarnika da Harishchandra, na farkon ya fi girma, wuta kuwa ba ta mutuwa a cikinsa dare da rana. Ana kawo mamaci bisa makara ta gora, an lulluɓe shi da zane mai ruwan lemo, masu ɗauka na ambaton sunan Rama. Su tsoma shi cikin kogi, su ajiye a matakala ya tsane. Itace kuwa a ma'auni a ke saye, ga shi nan jibge kamar dala, mai hali ya ƙara da itacen sandal mai ƙanshi, talaka ya sayi abin da ya samu. Babban ɗa ya aske kansa, ya ɗaura farin gyauto, ya kewaya gawar, ya kunna. Wutar ba ashana a ke ƙyastawa ba, wurin wata ƙabila mai suna Dom a ke karɓo ta, su ne masu tsaron wutar tun kaka da kakanni. Abin mamaki, a tsarin jinsi na Hindu Dom suna can ƙasa ƙwarai, dā ko taɓa su ba a yi, amma ko sarki ne ya mutu sai ɗansa ya miƙa hannu wurinsu. Bayan kamar awa uku a share tokar a zuba kogi. Ba mu ji kuka a wurin ba, mata ma ba safai su ke zuwa ba. An hana ɗaukar hoto, mai hankali kuwa ba sai an hana shi ba.

RUWAN DA A KE SHA

Kogin da a ke kira uwa shi ne kuma magudanar garin. Shekara da shekaru ƙazantar birnin tana kwarara cikinsa ba tacewa, ga ta masana'antun fata na Kanpur da ke sama da shi, ga toka da gawar da ba ta gama ƙonewa ba. Wanda ya fi kowa ɗaga murya kan wannan shi ne Bir Badra Mishra. Shi ne shugaban ɗakin ibadar Sankat Mochan, gadon gidansu, kuma shi ne malamin ilmin sarrafa ruwa a Jami'ar Hindu ta Banaras, wadda aka kafa cikin 1916. Kullum ya kan yi wanka a kogin bisa addininsa, kullum kuma ya san abin da ke cikin ruwan bisa ilminsa. Cikin 1982 ya kafa ƙungiya don tsabtace shi, ya yi ta fama har ya rasu cikin 2013. Wahalar da ya sha ita ce mai ibada ba ya son a ce masa uwa ta ƙazantu, sai dai a ce masa uwa ba ta da lafiya.

Cikin 1986 Firayim Minista Rajib Gandhi ya ƙaddamar da shirin tsabtace Ganga a nan Banaras. Aka gina matatun ƙazanta, amma wutar lantarki na ɗaukewa, injuna su tsaya, garin kuma na ƙara girma. Aka gina wurin ƙona gawa na lantarki a Harishchandra, mutane suka fi son itace. Har kunkurai masu cin nama aka saki cikin kogin don su cinye ragowar gawa. Cikin 2014 gwamnatin Modi ta fito da sabon shiri mai suna Namami Gange, aka ware masa rupi biliyan 200, aka ƙara matatu. Matakalan sun fi dā tsabta, wannan mun gani da idonmu. Ruwan dai mun bar wa masu shi.

SARNAT

Mil 6 daga tsakiyar gari akwai Sarnat, wurin da Buda ya yi wa'azinsa na farko ga abokansa biyar, ƙarni biyar ko kusa da haka kafin haihuwar Annabi Isa. Bayan hayaniyar Banaras wurin nan shiru ya ke, sai ciyawa da kangayen tubali da barewa. Masu ziyara daga Siri Lanka da Tailan da Tibet da Japan suna kewaya wata hasumiya mai kama da rumbu, Damek, tsayinta wajen ƙafa 140. Sarki Ashoka ya kafa ginshiƙin dutse a nan cikin ƙarni na 3 kafin haihuwar Annabi Isa, da zakoki huɗu a kansa sun ba juna baya. An tono kan ginshiƙin cikin 1905, yana ɗakin ajiye kayan tarihi na wurin. Ran 26 ga Janairu, 1950, Indiya ta ɗauki zakokin nan suka zama hatimin ƙasa, su ne ke bisa kuɗinta da fasfonta, ƙafar keken da ke ƙarƙashinsu kuma ita ce a tsakiyar tutarta.

Masu ziyarar da suka fi ƙwazo ba su tsayawa bakin kogi. Akwai wata hanya mai suna Panchakroshi wadda ta kewaye ƙasar Kashi duka, fiye da mil 50, da wuraren ibada 108 a bakinta. A Manikarnika a ke farawa, a can a ke gamawa, kwana biyar a ƙasa, yawanci ba takalmi, ana kwana a zaurukan da masu hali suka gina sadaka. Wanda ke son ganin wannan, ko ganin garin kansa, ya nufi tsakanin Nuwamba da Fabrairu, lokacin sanyi. A Mayu da Yuni zafi ya kan wuce awo 40, daga Yuli zuwa Satumba kuwa kogin ya kan cika ya haɗiye matakalan, a hana kwalekwale fita, masu ƙona gawa su koma bisa soraye.